Jan ɗigo a cikin man gyaɗa: littafin aikinmu na hoton mama da igiyar maikirowef

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Wata uku ke nan da fara aikin nan, amma sai yau na buɗe masa littafi. Awon da muka yi a baya duk a warwatse yake, wani a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, wani a wayar ɗalibata. Daga yau duk abin da ya faru a ɗakin gwaji zai shigo nan, mai daɗi da marar daɗi.

Mu uku ne. Ni, da ɗalibata mai neman digiri na biyu, da Malam mai kula da ɗakin gwaji, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma idan ya liƙe waya da dalma ba ta ƙara saki.

Na'ura muke son haɗawa da za ta leƙa cikin mama da igiyar maikirowef, dangin igiyar da wayar salula ke aiki da ita. Tushen abin ruwa ne. Kowane irin nama a jikin mutum yana da yadda yake karɓar wannan igiya, gwargwadon ruwan da ke cikinsa. Abu biyu masana ke aunawa: yadda nama ke riƙe lantarki, wanda suke kira famitibiti, da yadda lantarki ke ratsa shi yana cinye ƙarfin igiyar. Na farkon zan fi ambata, kuma a littafin nan zan riƙa ce masa lambar riƙo. Ta iska 1 ce. Ta ruwa zalla wajen 78. A gigahaz 3 (gigahaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar igiya), ta kitse wajen 5 ce, ta fata wajen 37, ta ƙarin sankara kuwa ta haura 50, don jiƙe yake da ruwa da jini. Idan igiya na tafe cikin kitse ta ci karo da abu mai ruwa haka, wani sashe nata zai komo, kamar yadda murya ke komowa idan aka yi magana a bakin rijiya. Eriya ta aika, eriya ta saurara, kwamfuta ta lissafa inda amsa-kuwwar ta taso. Ba a matse mama tsakanin faranti biyu kamar a mamogiram, wato hoton mama na eksire da ake yi a asibiti, babu hasken eksire, ƙarfin da na'urarmu ke fitarwa kuma bai kai na wayar da mutum ke karawa a kunne ba.

Gwaggona ce ta sa ni cikin wannan aiki. Sama da shekara ta yi tana ɓoye ƙullutu a mamanta, tana shafe-shafe, saboda kunya da tsoron a yanke. Ranar da aka kai ta asibiti fatar wurin ta riga ta fashe. Wata bakwai ta ƙara a duniya. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a shekarar, kusan 670,000 suka rasu. A Najeriya sababbin masu cutar sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000. Duk sa'ad da na dubi alƙaluman nan fuskarta nake gani.

Talata, 28 ga Janairu

Kafin a yi maganar hoto, sai an iya auna lambar riƙo daidai. Tsinken awonmu guntuwar wayar tagulla ce mai ƙwari, irin mai zare a tsakiya da bututu a waje. Malam ya yanke ta, ya yi ta goge bakin da sanfefa mai laushi har ya yi sumul. Ana ɗaura ta a ƙaramar na'urar awon igiya da muka sayo ta intanet, mai kaiwa gigahaz 6. Ana saita ta da abu uku da aka san amsarsu: a bar bakin a iska, a danna shi a kan farantin tagulla, a tsoma shi a tataccen ruwa. Daga nan a jarraba ta da ruwan sinadarin metanol, wanda lambarsa wajen 33 ce idan saurin kaɗawar igiyar kaɗan ne.

Mako biyu metanol yana ba mu amsa ɗaya da safe, wata daban da la'asar. Mun zargi waya, mun zargi na'ura. Ashe ruwan ne. Lambar riƙon ruwa tana sauka idan ya ɗumama: wajen 80 a digiri 20, 78.4 a digiri 25, 76.6 a digiri 30, kusan 73 a digiri 40. Manhajarmu kuwa kullum ɗauka take ruwan yana digiri 25. Da safiyar hunturu ruwan da ya kwana a ɗakin nan sanyi ƙalau yake, kafin la'asar ya yi ɗumi. Ɗalibata ce ta gano, da ta taɓa kwalbar ta ce, "Malama, ruwan nan fa ba ɗaya yake da na ɗazu ba." Mun sayo ma'aunin zafi, yanzu ba a awo sai an rubuta zafin ruwa a gefe. Sai kuma a leƙa ƙasan kofi da fitila, domin ƙwayar kumfa ɗaya a bakin tsinke ta isa ta ɓata awon yini.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hoton farko ya fita. Eriya biyu ne irin na Vivaldi, masu kamar buɗaɗɗen bakin kifi, mu muka zana su a allon tagulla. Malam ya ciro ƙaramar mota daga wata matacciyar firinta ya yi mana faifai mai juyawa. A kan faifan muka ɗora robar man gyaɗa, a ciki muka rataye ƙwallon jelatin (garin da ke daskarar da ruwa ya yi kamar kafaffen koko) mai ruwa, girman ɗan magarya. Faifai ya juya digiri 5, a yi awo, ya ƙara juyawa, har sau 72. Muka cire ƙwallon muka maimaita, muka ɗebe na biyu daga na farko. Lissafin da muka bi shi ne wanda Susan Hagness da Allen Taflove da Jack Bridges suka gabatar a 1998: ga kowane gurbi a cikin robar, a lissafa lokacin da igiya za ta ɗauka ta je ta dawo, a tara saƙonnin duk kusurwoyi a kan wannan lokaci. Inda akwai abu, saƙonnin su hau kan juna. Inda babu, su kashe juna.

Jan ɗigo ya fito a allo, daidai inda muka rataye ƙwallon. Malam ya yi kabbara. Na aika aka sayo balangu, muka ci a baranda.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na koma kan takardun nan biyu na 2007 da Mariya Lazebnik da abokan aikinta na Jami'ar Wisconsin a Amurka da Jami'ar Calgary a Kanada suka fitar. Na san su tun da daɗewa, amma karanta su bayan jan ɗigon namu daban ne. Kafin su, awon da aka yi a shekarun 1980 da 1990 ya sa mutane sun ɗauka ƙari ya ninka naman mama mai lafiya sau da yawa a lambar riƙo, don haka gano shi ba zai yi wuya ba. Su kuwa suka auna ɗaruruwan yankan nama daga tiyatar rage mama da tiyatar sankara, daga gigahaz 0.5 zuwa 20, kuma kowane yanki likitan nazarin nama ya duba nawa ne kitse a cikinsa, nawa ne tsokar da ke yin ruwan nono. Abin da suka samu: tsakanin ƙari da kitse bambancin yana iya kaiwa ninki goma. Tsakanin ƙari da tsokar nono mai lafiya kuwa bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba.

Nan gizo ke saƙar. A cikin tsokar nono sankara ke tasowa, a bututun ruwan nono da ƙwayoyin da ke yin sa. Wato abin da muke nema yana zaune ne cikin abin da ya fi kama da shi. Matan da mamansu ke cike da wannan tsoka, galibi masu ƙarancin shekaru, su ne mamogiram ke wahalar gani a jikinsu, har ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta tun Satumban 2024 a riƙa sanar da mace idan mamanta irin wannan ne. Su muke fatan taimaka wa, kuma a jikinsu ne igiyarmu za ta fi ruɗewa.

Gwajinmu na makon jiya sau biyu ya yi mana rangwame. Lambar man gyaɗa ba ta kai 3 ba, ƙasa ma da ta kitse, kuma babu ko ƙwayar tsoka a ciki. Sannan mun ɗebe hoton da babu ƙari daga mai ƙari. Wace mace ce za ta zo mana da hoton mamanta na kafin ƙarin ya fito?

Da yamma na ga ɗalibata ta sa hoton jan ɗigon a WhatsApp, ta rubuta a ƙasa cewa na'urarmu ta gano kansar mama. Na kira ta ofis. Ta ce, "Malama, ai ba ƙarya na yi ba, ta gano." Na ce, "Ƙwallon jelatin ta gano a cikin man gyaɗa, wanda ni da ke muka saka da hannunmu." Ta yi shiru, ta cire. Ban ga laifinta sosai ba, farin ciki ne. Amma yini guda hoton ya yi a waje.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Aiki ya koma daga bayan asuba zuwa sha ɗaya na safe.

Muna haɗa maman kwaikwayo mai kama da na gaske. Haɗin da mutanen Wisconsin suka wallafa a 2005 muka bi: jelatin da ruwa, a zuba mai rabi kananzir rabi man girki, a sa sabulun wanke-wanke na ruwa don mai da ruwa su haɗu. Yawan mai shi ke sauke lambar riƙo, don haka da tukunya ɗaya ana iya yin kitse, a yi tsoka, a yi ƙari, a yi fata. Su suna ƙara fomalin, sinadarin da ake adana nama a cikinsa a asibiti, don haɗin ya daskare ya jure zafi. Ni na hana, saboda ba mu da akwatin zuƙe hayaƙi, kuma ba zan sa yarinya mai azumi ta shaƙi fomalin a rufaffen ɗaki ba.

Kwana uku muka yi muna zuba shi hawa-hawa a cikin kwano. Daren Litinin aka ɗauke wuta, batirin sola ya ƙare, firij ya tsaya. Da safe muka tarar da shi kamar koko, mai a sama, jelatin a ƙasa. Jelatin ba ya jure zafin da ya kai na jikin mutum. Wata abokiyar aiki a sashen nazarin ƙananan halittu ta ba mu agar, garin da suke renon ƙwayoyin cuta a kansa. Shi sai zafi ya kai wajen digiri 85 yake narkewa. Aibinsa yana da saurin tsagewa, kuma yana tsattsafo da ruwa idan ya kwana biyu. Mun gauraya su, muna naɗe kowane yanki da leda mai laushi, muna sake auna lambarsa duk ranar da za a yi gwaji.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau ban taɓa na'ura ba.

Da hantsi matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofar tsangaya ta zo ɗakin gwaji. Shekara da shekaru ina sayen shinkafa da wake a wurinta. Ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi har Malam ya gane ya fita. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malama, an ce kina da injin da ke duba mama ba sai an je asibiti ba."

Hoton nan na Fabrairu ne ya kai gare ta, ta hannun wata ɗaliba mai cin abinci a wurinta. Wata huɗu ke nan tana jin wani abu mai tauri a mamanta na hagu, ta wajen hammata. Ba ya ciwo, shi ya sa ta ce ƙila ba komai ba ne. Mijinta bai sani ba. Ba ta son namiji ya duba ta, ba ta son layin asibiti, kuma ta ji an ce duk wadda aka taɓa da wuƙa ciwon bazuwa yake.

Na zaunar da ita, na jawo kwanon agar na nuna mata. Na ce, "Yaya, kin ga abin da injin nan yake dubawa. Ko a kan wannan ma kuskure yake yi. In na ɗora miki shi ya ce babu komai, kika koma gida kika kwanta, na cuce ki, kuma Allah zai tambaye ni." Ta ce, "To ko gwadawa ne ki yi mini, hankalina ya kwanta." Wannan kwanciyar hankalin ita nake tsoro. Na ce mata rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne, sankara da yawa haka take farawa shiru. Na ce ba kowane ƙullutu ne sankara ba, mafi yawansu ma ba ita ba ce, amma ba mai iya rabewa da hannu ko da ido, sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba. Na ce akwai likita mace.

Ta yi hawaye, ni ma na yi. Muka yi alkawari ranar Litinin zan ɗauke ta a motata, ƙanwarta ta tsare mata tukunya. Da ta fita na zauna na daɗe ina kallon faifan nan na Malam.

Alhamis, 24 ga Afrilu

An duba Yaya, an yi mata sikanin, an ba ta ranar ɗibar nama. Muna jira.

A ɗakin gwaji fata ce ta tsaya mana. Da muka lulluɓe maman kwaikwayo da fata mai kaurin milimita 2, amsa-kuwwarta ta danne komai, don ita igiya ke fara tararwa. Saƙon ƙari a gefenta kamar raɗa ne a kusa da injin niƙa. Mutanen Jami'ar Bristol a Ingila, waɗanda aikinsu ya haifi na'urar MARIA mai eriya 60, dabararsu ita ce a yi awo, a ɗan juya eriyoyin, a sake, a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Fata kusan iri ɗaya take ta kowace kusurwa, sai ta ɓace, ƙari kuwa ya sauya wuri, sai ya rage. Mun gwada. Tana aiki idan maman a zagaye yake kuma yana tsakiyar faifai daidai. Ya goce da 'yan milimita, ragowar fata ta fito kamar zobe a hoton.

Wayoyin eriya ma in suka motsa awo ya canja. Malam ya ƙera musu katako ya ɗaure su tamau, ya ce kada wanda ya ƙara jingina da teburin. Muna kuma kashe Wi-Fi, don yana zaune a gigahaz 2.4, tsakiyar zangon da muke aiki.

Alhamis, 15 ga Mayu

Gwajin rufe ido. Na roƙi Malam ya riƙa shirya maman shi kaɗai, wani lokaci ya sa ƙari, wani lokaci ya bar shi babu, ya rubuta a takarda ya rufe a ambulan. Ni da ɗalibata hoto kawai muke gani, mu faɗi ko akwai, kuma a ina.

A mama mai kitse da fata kawai, sau huɗu aka gwada, duka muka faɗa daidai. Da aka sa dunƙulen tsoka a tsakiya, sau takwas aka gwada, biyar muka samu. Wannan bai fi a jefa kwabo sama da wani abin kirki ba, kuma gwaji takwas ba su isa a kafa hujja ba. Abin da ya fi damuna shi ne sau biyu muka nuna jan ɗigo da ƙarfin gwiwa alhali babu ƙari, gefen tsokar ne ya haska. A asibiti wannan mace ce da za a tsorata, a caka mata allura, ta kashe kuɗin da ba ta da shi.

Akwai kuma matsalar gudu. Lissafinmu yana ɗauka igiya na tafiya da gudu ɗaya a ko'ina. A iska tsawon zangonta a gigahaz 3 santimita 10 ne, a kitse ya koma wajen huɗu da rabi, a tsoka bai kai ɗaya da rabi ba. Idan muka zaɓi matsakaicin da ba daidai ba, ɗigon ya gusa ko ya watse. Na canja lambar sau uku a kan awo ɗaya na samu hoto uku mabambanta, kuma ba shakka da na san inda Malam ya sa ƙarin da wanda ya dace da shi zan zaɓa. Amfanin ambulan ke nan.

Jami'ar Manitoba a Kanada ta saki awon da ta yi a kan maman kwaikwayo, sama da dubu, kyauta ga mai so. Ɗalibata za ta gwada lissafinmu a kansu, mu ga ko matsalar a manhaja take ko a eriya.

Talata, 3 ga Yuni

Mun zauna da likitar tiyata da likitan nazarin nama. Buƙatarmu ita ce a ba mu dama mu ɗora tsinken awo a kan naman da aka riga aka cire a tiyata, mu samu lambobinmu na matan nan, maimakon dogaro da na wasu ƙasashe kawai.

Likitan nazarin nama bai ɓoye mana komai ba. Ya ce naman na marar lafiya ne, kuma ƙa'ida ita ce ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da cirewa, in ba haka ba gwajin da ke nuna irin maganin da zai yi mata aiki yana iya lalacewa. Shi zai yanka, shi zai nuna mana inda za mu taɓa, mintuna kaɗan zai ba mu, kuma ba za mu kusanci gefen da yake dubawa don sanin ko an cire cutar duka ba. Na amince da duka. Daga ɓangarenmu ma lokacin yana da muhimmanci, domin nama yana fita jiki yake fara hucewa da bushewa, lambarsa na sauka. Kuma tsinken ba ya jin abin da ke can ciki, sai abin da ke dab da bakinsa. Siririn kitse a saman ƙari ya isa ya sa mu rubuta lambar da ba tasa ba. Dole duk inda tsinke ya taɓa a sa masa tawada, likita ya duba daidai wurin a madubin ƙara girma.

Likitar tiyata ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Malama, in injinki ya ce babu komai, in sallami mace?" Na ce, "A'a, likita." Ta ce, "In ya ce akwai fa?" Na ce sai ta yi sikanin ta ɗebi nama. Ta ce to a halin yanzu matan da ke zuwa wurinta ba ƙaramin ƙari suke kawowa ba, da hannu ake jin sa, wani ma da ido. Abin da ke kashe su jinkiri ne: kafin a zo, kafin a ɗebi nama, kafin sakamako ya fito, kafin a haɗa kuɗin magani.

Gaskiya ta faɗa. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan sankarar mama abu uku ya sa a gaba: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 su gama magani. Wani bincike da ya bi mata a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya samu cewa a asibitocin Najeriya da ya shafa kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye bayan shekara uku. Injina ba zai rage layi ba, ba zai biya kuɗin allura ba. Na fito daga zaman ina tambayar kaina wane gurbi ne na gaskiya wannan na'ura za ta iya cikewa. Duk da haka mun miƙa takardar neman izini ga kwamitin ɗa'ar bincike kafin hutun babbar salla.

Asabar, 21 ga Yuni

Sakamakon Yaya ya fito tun makon jiya, sai yau na iya rubutawa. Sankara ce. Likita ta ce a binciken da aka yi ba a ga ta kai huhu ko hanta ba, alhamdu lillahi. Za a fara da allurar kashe ƙwayoyin cutar don ƙarin ya ragu, sannan tiyata. Daga ranar da ta tsaya a ƙofar ɗakin nan zuwa ranar sakamako an haura wata biyu. Ita da kanta ta faɗa wa mijinta, shi ya rako ta ranar allurar farko, yana riƙe da jakarta. Ma'aikatan tsangaya sun yi karo-karo.

Maganar "don ƙarin ya ragu" ta tsaya mini a rai. Ta yaya ake sanin yana raguwa? Da hannu, da sikanin, a inda ake da hali kuma da MRI, babban injin hoton cikin jiki mai tsada. Na koma kan aikin Paul Meaney da Keith Paulsen na Kwalejin Dartmouth a Amurka, waɗanda tun 2000 suka fara gwada na'urarsu a jikin mata. Mace na kwanciya ruf-da-ciki, mama ya sauka cikin ruwan giliserin, eriya 16 na kewaye da shi, su kuma suna zana taswirar lambar riƙo ta cikin maman gaba ɗaya. Daga baya sun yi amfani da ita wajen bin matan da ke karɓar irin wannan allura, suna auna su a kai a kai. A Jami'ar McGill ma an gwada auna mata masu lafiya wata-wata don a ga yadda awon mace ɗaya ke sauyawa.

A nan matsalar da na rubuta a Fabrairu ta sassauta. An riga an san akwai ƙari, an san inda yake, kuma hoton farko na macen shi ne abin kwatance. Tambayar ta zama ko ya canja daga wancan zuwa wannan. Igiyar ba ta da illar eksire, ana iya maimaitawa duk zuwa. Wannan tambaya ce da nake ganin ƙaramar na'ura irin tamu za ta iya fuskanta ba tare da ta yi wa kowa alkawarin ƙarya ba. Na faɗa wa ɗalibata za mu karkata aikinta can. Ta ce, "Malama, babi biyu fa na riga na rubuta." Na ce ba za su tafi a banza ba, awon ruwa da na agar duk suna nan.

Talata, 8 ga Yuli

Damina ta zauna. Ɗaki ya yi sanyi, amma agar ya fara furfura bayan kwana biyar, sai mun riƙa haɗa sabo duk mako.

Lissafinmu ya yi aiki daidai gwargwado a kan awon Manitoba, don haka eriyoyinmu ne ke da rauni a saman gigahaz 4. Malam ya zana sababbi.

Sabon gwajin shi ne mama ɗaya mai tsoka, da rami a gefen tsokar, da ƙari uku: santimita 3, da 2, da 1, a riƙa musanya su. Tsakanin kowane awo Malam zai sauke maman daga faifai ya mayar, domin mace ba za ta kwanta daidai yadda ta kwanta makonni uku da suka wuce ba. A gwajin farko jiya, canjin da saukewa da mayarwa kaɗai ya jawo ya kusa kai canjin da ke tsakanin ƙari mai santimita 3 da mai 2. Sai mun ƙera kofi mai riƙe mama a wuri ɗaya, da alama a gefe.

Kwamitin ɗa'a ya dawo da takardarmu da gyara uku. Babba a ciki shi ne takardar neman yardar marar lafiya ta kasance da Hausa, kuma a karanta wa wadda ba ta karatu a gaban shaida. Na ƙara da cewa za mu yi ta da boko da ajami. Daren jiya na fi awa a kan jimla ɗaya, wadda ke cewa awon ba zai amfani mai ba da izinin ba. Ga yadda na bar ta: "Wannan awo ba magani ba ne, ba zai canja maganin da likita zai ba ki ba, kuma idan kin ƙi, ba abin da zai ragu a kulawar da za a yi miki." Gobe da safe zan kai wa Yaya ta ji, ita ta ce in kawo, ta gaya mini inda bai fito ba. Allurarta ta biyu ranar Alhamis ce.